Kuɗin Kallon Ma Sidonie

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tsayawa a hannun daman Ma Sidonie, a rumfar tantance ayaba ta kamfaninmu da ke bayan garin Penja. A shekara biyun ƙarshe, ni ce idonta. Yanar ido ce ta rufe mata idanu, ta fara da na hagu, ta bi na dama a hankali, har ta kai in ka tsaya a gabanta inuwarka kawai take gani. Ba wanda ya san haka sai mu matan layi na uku, mu kuwa mun ɗinke bakinmu.

Aikinmu aikin ido ne. Ayaba tana tasowa a tankin ruwa, ki ɗaga, ki juya, mai tabo ko ƙwarzane ki jefa gefe, mai kyau ki tura gaba a manna mata tambari a jera a kwali, a kai wa Turawan da ba sa cin ayabar da ƙuda ya taɓa sauka a kanta. Ma Sidonie da yatsu take yin nata. Ƙwarzane komai ƙanƙantarsa ba ya wuce ta, ta ma fi mu masu ido. Tabo ne hannu ba ya ji. Don haka nake raba idona biyu, ɗaya a ayabata ɗaya a tata, in na ga mai tabo sai in taɓa ta da gwiwar hannu, ta jefar. In an tashi, ta kama bakin zanena mu tafi gida muna hira, kowa ya ɗauka shaƙuwa ce.

Abin da ya sa muke wannan wahalar, fansho ne. Sai an cire maka kuɗin fansho na wata ɗari da tamanin kafin a riƙa ba ka wani abu duk wata har ka mutu. In ka gaza ko da wata ɗaya ne, 'yan kuɗi za a damƙa maka sau ɗaya a ce ka sauka lafiya. Ma Sidonie ta yi wata ɗari da saba'in da bakwai. Saura uku. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya yana Douala yana neman na kansa bai samu ba. Wata uku kawai muke roƙon Allah ya rufe idon Shef Nyamsi, mai kula da rumfar, domin ranar da ya gane ba ta gani, ranar aikinta ya ƙare.

Mu da awa ake biyanmu. Awar Ma Sidonie sefa ɗari biyu da arba'in ce. Tawa ta ɗan ɗara haka, wai don ina da takardar firamare, alhali ita ta koya mini riƙe ayaba. Muna kuma da wata al'ada a rumfar, bayar da awa. In jirgin ruwa yana jira a Douala, sai a ce a ƙara awa ɗaya bayan tashi, ita kuwa awar ƙari ta fi tsada. Idan 'yar'uwarki tana cikin matsi, ba kya miƙa mata kuɗi a hannu ki ba ta kunya. Sai ki raɗa wa mai rubuta awa ya sa awarki a sunanta, ta gani a takardar albashi, ta yi kamar ba ta san daga ina ba. Kamfani bai taɓa hanawa ba. Ina zai hana, tunda ba shi ke asara ba?

A watan nan maganin da take ɗigawa a ido ya ƙara sefa ɗari uku. Na ji ta tana lissafi da yatsu, tana cewa sai dai ta riƙa ɗigawa sau ɗaya a rana. Awar ƙari ɗaya tak na samu a watan, na ce a rubuta mata. Na yi kwanaki ina jin daɗin kaina, kamar wadda ta gina coci.

Ranar biya, muka karɓi ambulan ɗinmu a taga, muka zauna a gindin mangwaron da ke gaban ofis. Ma Sidonie ta miƙo mini takardarta kamar kullum, tana cewa da ƙarfi ta manta tabarau a gida, don masu wucewa su ji. Ita kuma ta shiga ƙirga kuɗin da hannu. Ta ƙirga sau biyu, ta sake na uku.

"Odile," ta ce, "ko hannun nawa ma ya fara bin ido ne? Na ji kamar sun ragu."

Na duba takardar. Awa ɗari biyu da takwas na wata, ga awar ƙari ɗaya a ƙasa, sefa ɗari biyu da tamanin da takwas. Jimla dubu hamsin da ɗari biyu da takwas. An cire na fansho, dubu biyu da ɗari da tara, wannan mun saba da shi. Sai ga wani layi da ban taɓa gani a takardarta ba, haruffa uku, RAV, sefa ɗari bakwai da hamsin. Abin da ya rage mata ya gaza na watan jiya da kusan ɗari biyar. An ƙara mata awa, kuɗinta ya ragu.

Haruffan nan uku na san su, don tun da na fara aiki ake cire mini su. Duk rumfar mun san ma'anarsu, ko dai mun zaci mun sani. Da su kalmar guzuri take farawa a Faransanci, saboda haka kowa ya yarda kuɗin shinkafa da man gyaɗan da ake raba mana lokacin Kirsimeti ne. Masu ƙaramin albashi irin su Ma Sidonie ba a cire musu, mun ɗauka tausayi ne. Ga shi bara rabin buhun shinkafar ya koma kwata, man kuwa ko ƙamshinsa ba mu ji ba. Da ma abin yana cina tun Disamba. Yanzu kuma an zo an sa hannu a aljihun tsohuwar da take raba ɗigon magani biyu. Na ji kaina ya ɗauki zafi.

Ma Sidonie ta riƙe mini hannu. Ta ce in bar shi, ɗari biyar ba ta kashe mutum, wata uku ne ya rage, kada mu ja ido kanmu. Gaskiya ta faɗa. Amma duk wanda ya san ni ya san in raina ya ɓaci kunnena toshewa yake yi, mahaifiyata ta yi fama har ta gaji. Na ce mata rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, yau sai akawu ya faɗa mini cikin wa shinkafarmu take shiga. Na miƙe, na ja ta. Da yake bakin zanena take bi, ba ta da yadda za ta yi.

Akawun biya, Pa Ebongue, wani siririn dattijo ne mai biro uku a aljihun riga, wanda ba ya ɗaga murya ko da gini zai faɗo masa. Wannan sanyin nasa ne ma yake ƙara ba ni haushi. Na doki katakon tagarsa na ce a fito mana da kuɗinmu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi layin mutanen da suka fara miƙa wuya, ya ce mu zagayo ciki. Da muka shiga sai ga Shef Nyamsi zaune a kusurwa, ya buɗe ƙunshin koki, wato alalar wake, a kan gwiwa yana ci da cokali. Na gan shi sarai. Har daɗi na ji, na ce gara a yi ta a gaban shaida.

Na shimfiɗa takardar a tebur na zazzage abin da ke cikina. Na ce an cire wa Ma Sidonie kuɗin shinkafar da ba a ba mu ba, na ce wasu suna ta ƙiba a ofis mu muna jiƙe hannu a ruwan sanyi har farce ya ruɓe, na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita ba. Pa Ebongue ya bar ni na gama. Sannan ya ɗauko rula ya ɗora a ƙarƙashin layin.

"'Yata, wa ya ce muku wannan kuɗin shinkafa ne?"

Na ce kowa ya sani.

Ya ce to kowa ya yi kuskure. Shinkafa kyauta ce ta kamfani, shi ya sa ranar da suka ga dama suke ragewa ba wanda zai kai su ƙara. Haruffan nan kuwa na gwamnati ne, kuɗin rediyo da talabijin, ana cire wa duk mai albashi a ƙasar nan, shi kansa ana cire masa. Ko sefa ɗaya ba ta kwana a ofishinsa.

Ya jawo farar takarda ya zana mini kamar matakala. Ya ce da farko ana haɗa awoyinka duka a ga abin da suka kama. Daga nan a cire na fansho, sefa huɗu da 'yan kai a kowace ɗari, wannan yana tafiya ne daidai da abin da ka samu. Harajin albashi shi ba ya taɓa ka sai ka kai dubu sittin da biyu, kuma ko ka kai, sai an ware maka wani kaso tukuna a ɗauki ɗaya bisa goma na abin da ya saura. Ya ce wannan yana da ɗan kunya. Amma kuɗin talabijin ba ruwansa da kaso, mataki yake dubawa. In jimlarka ba ta wuce dubu hamsin ba, ba a taɓa ka. In ta wuce ko da sefa ɗaya ce, ɗari bakwai da hamsin cif, kuma haka za a cire wa mai dubu casa'in da tara.

Ya buga wa Ma Sidonie nata a injin lissafi. Ɗari biyu da arba'in sau awa ɗari biyu da takwas, dubu arba'in da tara da ɗari tara da ashirin. Sefa tamanin ne tsakaninta da bakin matakin, shi ya sa ba a taɓa cire mata ba. Awar ƙarin nan ce ta tura ta. Ta kawo mata ɗari biyu da tamanin da takwas, ta jawo mata asarar ɗari bakwai da hamsin.

Sai ya cire tabarau ya goge, ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne Ma Sidonie ba ta taɓa tsayawa awar ƙari ba, kullum da an tashi take barin layi. Ya ce da wanda ya yi mata wannan alherin ya tambaye shi, da ya ce a sayo mata sabulu kawai.

Bai dube ni ba, amma na san ya sani. Ma Sidonie ma na ji yatsunta sun motsa a bakin zanena. Ashe ɓarawon da na zo kamawa a gaban jama'a ni ce. Da ina da hankali, nan ne wurin da zan ce na gode, in naɗe takardar mu fita. To, kunya in ta kama mai zuciya irin tawa, ba ta sa shi shiru, wanda zai ɗora wa take sa shi nema. Na shiga lissafi a raina, ɗari bakwai da hamsin duk wata, shekara goma sha ɗaya, a kan akwatin da ban taɓa mallaka ba, a unguwar ma'aikatan da wuta take zuwa kamar baƙuwa. Ina ta murna ina jiran shinkafa, ashe kuɗin masu karanta labarai cikin kwat nake biya. Na tambaye shi ko wanda ba shi da talabijin ma sai ya biya. Ya ce doka ba ta tambayar wannan.

"Wato kuɗin kallo ne," na ce.

"In kin so ki kira shi haka."

"Kallon me? Ku dai ku ji tsoron Allah. Matar da shekara biyu ko tafin hannunta ba ta gani, ita za ku cire wa kuɗin kallo?"

Magana zarar bunu ce. Ina rufe baki na ji abin da na faɗa, kamar wata ce ta faɗe shi a bayana. Ma Sidonie ta saki zanena.

Pa Ebongue ya yi ƙoƙari, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ya yi 'yar dariya ya ce ai Odile nufinta Ma ba ta da lokacin kallo, aiki ya yi yawa, ya tura mana takardar yana cewa mu je akwai mutane a layi. Amma Shef Nyamsi ya riga ya ajiye cokali. Ya naɗe ganyen kokinsa a tsanake, ya goge hannu, ya taso. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki takardar albashin daga tebur ya tsaya a gaban Ma Sidonie, ya miƙa hannunsa can gefe, nesa da inda muryarsa take.

"Ma, karɓi takardarki."

Ta miƙa hannu biyu saitin muryar, cikin ladabi, kamar yadda ake karɓar abu daga babba. Ta kama iska. Ta ɗan lalubo sama, ta lalubo ƙasa. Ni ina tsaye a hannun damanta, inda na saba tsayawa, gwiwar hannuna ba ta da abin da za ta yi mata. Shef ya sa mata takardar a hannu da kansa, ya ce mu gaida gida.

Da muka wuce ƙofar kamfani ta laluba ta sake kama bakin zanena, don ba ta da wata hanyar zuwa gida. Na so ta zage ni, ko ta mare ni. Har muka isa, maganarta ɗaya ce, in kula da kwatar gidan mai burodi.

Ranar Litinin aka raba mu. Aka kai ta layi na ɗaya, tsakanin wasu sababbin mata biyu da ba su san komai ba. Daga inda nake ina hango ta tana aikinta da yatsu, tana tura ayaba mai tabo gaba, ni kuwa ba dama in yi tari. Kwali biyu aka dawo da su a ranar. Shef rubutu kawai ya yi a littafinsa. Ba a kore ta ba, kada wani ya ce an kore ta. Mai aikin awa ba a korarsa, sunansa ake daina kira da safe. A rana ta goma muka tsaya a bakin rumfa aka kira kowa, ba a kira Sidonie Kemajou ba. Ta tsaya har aka rufe littafi, sannan ta nemi wata mai tallan gyaɗa ta raka ta gida.

Ba inda ban je ba. Na durƙusa wa Shef Nyamsi a gaban mutane, ni Odile da ban taɓa durƙusa wa mijina ba. Na ce a ba ta shara, a ba ta wankin kwanduna, wata uku kawai. Ya ce shi ma yana da na sama da shi, in kwali ya dawo daga Turai sunansa ake nema, ba nawa ba. Wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata, wanda shi ma ake cire mana kuɗinsa, ya ce zai duba, har yau yana dubawa. Kowa ka je wurinsa sai ya nuna maka doka. Dokar nan ta ga sefa ɗari biyu da takwas da suka hau kan dubu hamsin, ba ta ga shekara goma sha huɗu da wata tara da mace ta yi tsaye a ruwa ba. Ina jin haushinsu duka har gobe. Amma in na gama zagaye da haushin, a ƙofata yake sauka. Garin neman gira na rasa mata ido, har da wanda take aro a wurina.

Ƙarshen wata Pa Ebongue ya kira ni taga ya ba ni ambulan ɗinta in kai mata. Na tambaye shi ko kwana taran nan za su shiga lissafi, ko da saura biyu ne a ce. Ya girgiza kai ya ce kwana tara ba sa cika wata a littafin fansho. Na ce amma an cire mata kuɗin fansho a kansu. Ya ce an cire. Ban daki tagar ba wannan karon.

Na same ta a tsakar gida tana naɗe bobolo, wato ƙullin rogo, a ganye, wanda ta fara yi ana kai mata bakin titi. Hannunta yana tafiya kamar na mai ido huɗu. Ta gane takuna tun daga ƙofa, ta tura mini kujera da ƙafa. Na fara ba ta haƙuri kamar yadda nake yi kullum na zo, ta ce in ta sake jin wannan maganar za ta ɗaure mini baki da zaren bobolo.

"Awar nan taki ce, ko?" ta ce.

Na ce tawa ce.

"Na sani tun a gindin mangwaro. Wa zai ba ni awa in ba ke ba? Karanta mini, na manta tabarau."

Na buɗe takardar. Awa saba'in da biyu, dubu goma sha bakwai da ɗari biyu da tamanin. Na fansho, ɗari bakwai da ashirin da shida. Na tsaya.

"Na kallon fa?"

Na ce babu, sifili aka rubuta.

Ta ɗaure bobolon da ke hannunta, ta ja zaren da haƙori, ta ajiye shi kan 'yan'uwansa.

"To, kin ji," ta ce. "Yanzu sun yarda ba na gani."